Numfashi Sama-Sama da Lafiyar Malami

Jawabin da aka gabatar a taron reshe na ƙarshen zangon farko

 

Da kwamitin shirya taro ya nemi mu ce wani abu game da lafiyar malami, sai da muka yi jim, domin mu ba likitoci ba ne. Jarinmu shi ne takardar kwalejin ilimi, da shekara 21 a gaban allo, da abin da muka karanta, muka kuma bi ma'aikatan lafiya da tambaya har suka warware mana. To amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai wani yoyo a ɗakin malami wanda ba a cika kawo shi gaban taro ba saboda ƙanƙantarsa a ido, shi ne yadda muke numfashi.

Kafin mu ci gaba, muna roƙon kowa ya ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya. Kada a gyara zama, a dai lura. Wane hannu ne yake motsi? Daga nan inda muke tsaye muna hango kafaɗu da yawa suna hawa suna sauka, hannun ciki kuwa ko gezau. Wannan shi ne numfashi sama-sama: iska tana shiga kaɗan-kaɗan, da sauri, tana tsayawa a saman ƙirji. Galibi a kan majinyacin da ya galabaita muke jin wannan kalma. Amma da yawa daga cikinmu da muka zo nan da ƙafafunmu, haka muke numfashi tun daga asambili har tashi, ba mu sani ba.

Bari mu faɗi abin da ya sa muka fara bin diddigin wannan magana. Shekaru uku da suka wuce, a irin wannan lokaci na hunturu, wata abokiyar aikinmu tana riƙe da aji uku mai yara 94. A makon nan ɗanta yana kwance, albashi ya yi jinkiri, ga shi kuma an aiko cewa masu duba makarantu suna tafe. Tana cikin darasin lissafi sai ta ji jiri, yatsunta suka fara sagewa kamar ana tsira musu allura, leɓɓanta suka yi nauyi, ƙirjinta ya ɗaure. Ta dafa allo tana haki, tana cewa iska ba ta isar ta. Yara suka fito da gudu suna kuka. Muka kai ta ofishin shugaban makaranta, wannan na fifita, wancan na yayyafa ruwa. Wasu suka ce zuciya ce, wasu suka rage murya suka ce iska ce. Muka tsayar da adaidaita sahu muka nufi asibiti, duk tsawon hanya tana ba mu wasiyya a kan 'ya'yanta.

A asibiti aka auna jininta, aka duba zuciyarta, aka maƙala mata 'yar na'urar nan a yatsa wadda ke nuna yawan oksijin a jini, ta nuna 98 cikin 100. Wata ma'aikaciyar jinya ta zauna kusa da ita, ta riƙe hannunta, ta sa ta rufe baki ta riƙa fitar da numfashi a hankali. Kafin rubu'in sa'a yatsun suka saki. Likita ya ce mata, "Malama, iska ba ta yi miki kaɗan ba, yawa ta yi miki." Muka dawo gida wannan magana tana yi mana yawo a ka. Ta yaya iska za ta yi wa mutum yawa, alhali yana jin kamar an shaƙe shi?

Amsar tana farawa ne daga yadda aka gina ƙirji. Huhu ba ya jan iska da kansa. Kamar soso yake, sai an buɗa masa wuri yake cika. Mai buɗa masa wurin wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka ce da ta raba ƙirji da ciki, mai siffar ƙwarya a kife. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mahauci yana fiɗar rago ya gan ta, tantanin nan da ke tsakanin huhu da hanta. In ta ɗame sai ta sauka, ta tura kayan ciki ƙasa, ciki ya ɗan turo, iska ta kwarara har gindin huhu, inda jini ya fi gudana idan mutum yana zaune ko tsaye. In ta saki sai ta koma sama, iska ta fita ba tare da wahala ba. Ku dubi jariri yana barci: cikinsa ne ke hawa da sauka, kafaɗunsa suna kwance. Dukanmu da haka muka fara. Tsokokin wuya da na kafaɗa kuwa 'yan gayya ne, ranar babban aiki ake kiran su, kamar gudu ko ɗaukar buhu. Mai numfashi sama-sama ya tsare 'yan gayya a gonarsa kullum, ba rani ba damina.

Tun da taron malamai ne, bari mu yi lissafi. Baligi mai lafiya, in yana hutawa, yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Mu ɗauki 15: a sa'a guda 900 ke nan, a yini da kwana 21,600. A kowane numfashi yakan ja kimanin mililita 500, kwatankwacin cikin ledar ruwa ɗaya irin wadda muke saye a bakin makaranta. Amma ba duka ke kaiwa inda ake bukata ba. Kimanin mililita 150 na tsayawa a hanci da maƙogwaro da bututun iska, inda babu musaya da jini, sai su fito yadda suka shiga. Wannan kamar kuɗin mota ne: ko kayanka kaɗan ne ko da yawa, kowace tafiya sai ka biya.

To ga malamai biyu. Na farko yana jan 500 sau 12 a minti, na biyu yana jan 250 sau 24. Kowannensu ya ja 6,000, a ido kunnen doki suka yi. Mu cire kuɗin mota. Na farko ya rage da 350 sau 12, wato 4,200. Na biyu ya rage da 100 sau 24, wato 2,400. Ya ninka ɗan uwansa zirga-zirga, amma abin da ya isa gida da shi bai kai kashi 60 cikin 100 na wancan ba. Jiki kuwa ba ya yarda da giɓi. Shi ya sa oksijin ɗin mai lafiya ba ya faɗuwa don kawai numfashinsa gajere ne. Abin da jiki ke yi shi ne ya ƙara sauri, ya buɗe baki, ya kira 'yan gayya. Ana cike giɓin, amma da guminmu.

Idan tsoro ya shigo, saurin kan wuce kima, a nan ne maganar likita take fitowa. A darasin kimiyya muna koya wa yara cewa muna shaƙar oksijin, mu fitar da iskar kabon wadda jiki ba ya so. Gaskiya ne, amma da sauran bayani. Jini yana bukatar wani gwargwado na iskar kabon ya zauna a cikinsa. Mai haki yana fitar da ita fiye da yadda jiki ke samar da ita, kuma da zarar ta ragu sai jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa su tsuke, jiri ya zo, yatsu da leɓɓa su sage, wani lokaci hannu ya ƙandare. Har ila yau, tun a 1904 wani masani ɗan ƙasar Danmak, Christian Bohr, ya nuna cewa idan iskar kabon ta yi ƙaranci, jini yakan ƙanƙame oksijin ɗin da ya ɗauko, ya yi rowar sakin sa ga gaɓoɓi. Sai mutum ya ji kamar yana nutsewa, ya ƙara haki, abin ya ƙara tsananta. Abin da ya sami malama ke nan: rumbu cike, gida da yunwa.

Me ke kawo wannan sauri tun farko? A 1915 wani malamin jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon, ya bayyana yadda jiki ke shiri idan ya hangi haɗari, ko dai ya yi faɗa ko ya gudu. Wanda ya taɓa yin kiciɓis da kububuwa a hanyar gona ya san wannan shiri. Wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke zaune a saman ƙoda suna zuba sinadarin adiranalin a jini, zuciya ta ƙara bugu, tsokoki su ɗaure, narkar da abinci ta dakata, baki ya bushe, numfashi ya hau ƙirji. Shiri ne mai ceton rai, amma na 'yan mintoci aka yi shi. Matsalar ita ce jiki ba ya bambance kububuwa da sallamar mai bin bashi, ko takardar tantance ma'aikata, ko ajin da ya rikice. Maciji kan wuce, waɗannan kuwa tare muke kwana.

Saƙon kuma ba zuwa kaɗai yake yi ba, har da dawowa. Tashin hankali yana gajarta numfashi, gajeren numfashi kuma ya koma wa ƙwaƙwalwa da labarin cewa har yanzu da sauran haɗari. Ta wannan hanyar dawowa ce za mu iya sa baki. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa, ta bi ta wuya, ta ratsa zuciya da huhu har ciki, aikinta kamar na birki ne. Duk lokacin da muka fitar da numfashi tana rage wa zuciya gudu. Wanda ya dafa jijiyar wuyan hannunsa ya natsu zai iya jin bugun yana ɗan hanzari in ya shaƙa, yana lafawa in ya fitar. Saboda haka tsawaita fitar da numfashi taka birki ne. A 1975 wani likitan zuciya, shi ma na Harvard, Herbert Benson, ya wallafa littafi a kan yadda zama shiru na 'yan mintoci tare da numfashi a natse ke sassauta bugun zuciya. Ba mu da ikon umartar zuciya ta rage gudu, amma linzamin numfashi yana hannunmu.

Kakanninmu ma ba su jahilci wannan alaƙa ba. Dogon numfashin nan da kan kuɓuce wa mutum bayan ya fita daga firgici, ba su kira shi ajiyar iska ba, ajiyar zuciya suka ce. Masana sun gano mutum kan yi ta kusan duk minti biyar ba tare da ya lura ba, aikinta kuwa ta sake buɗe ƙananan jakunkunan huhu da suka fara mannewa.

Yanzu mu dawo aji, mu ga yadda aikinmu ke koya mana wannan ɗabi'a. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Mu da ke nan mun san ajin 80, mun san na 100. Murya kuwa a kan iska take tafiya. A maƙogwaro akwai wasu 'yan tantani biyu da iska ke kaɗawa, sau fiye da 100 a daƙiƙa ɗaya ga namiji, kimanin 200 ga mace. Idan iska ta taso sosai daga ƙasa, cikin sauƙi suke aikinsu. Mai busa kakaki ba da maƙogwaro yake busa ba. Idan iskar ta gaza, sai mu matse maƙogwaro mu tatso sauti, mu fizgi rabin numfashi ta baki a tsakiyar jimla, mu ci gaba, darasi bayan darasi. Numfashin baki kuma ya tsallake hanci, alhali hanci ne ke tace ƙura, ya ɗumama iska, ya jiƙa ta. Ga ƙurar alli, ga ta daɓen aji da ya farfashe, ga ta hunturu da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. In an tashi sai mu duƙufa a kan ɗan benci muna duba littattafai, ko mu sunkuya a kan waya, ciki a naɗe, tsokar nan ba ta da wurin sauka. Ƙara da bel ko ɗaurin zane da aka tsuke, da goro ko shayi mai kauri a madadin karin kumallo, waɗanda ke ƙara wa zuciya gudu.

Jiki magayi. Mun san ciwon wuya da kafaɗa, mun san ciwon kan nan da ke ɗaure goshi da ƙeya kamar rawani da la'asar. Mun san murya ta dishe tun ranar Laraba, da gajiyar da barci ba ya korar ta, da yawan hamma saboda jin numfashi bai kai ƙasa ba. Ba mu ce numfashi sama-sama ne ke haifar da hawan jini ba. Gado da gishiri da ƙiba da shekaru suna da nasu kaso. Amma damuwar da ta daɗe tana cikin masu ingiza shi, gajeren numfashi kuwa yana cikin itacen da ke riƙe wutar damuwa.

Akwai kuma asarar da ba a jikinmu take tsayawa ba, a nan ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Malamin da jikinsa ke cikin shirin faɗa tun safe, haƙurinsa gajere ne kamar numfashinsa. Yaron da ya yi kuskure a darasin ƙarshe yakan sha tsawa, wani lokaci har bulala, wadda ba tasa ba ce. Mun yi, mun kuma yi nadama. Shi ma yaron, da zarar an daka masa tsawa numfashinsa ya hau, bakinsa ya bushe, abin da ya haddace jiya ya ɓace, mu kuma mu rubuta masa a katin sakamako cewa ba ya ƙoƙari. Ku iyalanmu kuwa ba sai mun gaya muku ba. Kun san yadda muke shigowa gida, sallama da ƙyar, murya a shaƙe, abin da bai kai ya kawo ba ya zama faɗa.

To mene ne abin yi? Na farko, mu sake koyon abin da muka iya muna jarirai. A kwanta rigingine a kan tabarma, a ɗan tanƙwara gwiwoyi, a ɗora littafi a kan cibiya. A shaƙa ta hanci a hankali ana ƙirga 1 zuwa 4, littafin ya ɗaga. A fitar ana ƙirga 1 zuwa 6, littafin ya sauka. In ƙirgen ya yi daidai da daƙiƙa, numfashi 6 ke nan a minti. Minti biyar da safe, biyar kafin barci. Kada a cika ƙirji da ƙarfi kamar mai hura balan-balan, domin wannan komawa ne ga yawan iskar da muke gudu. A yi shi a tausashe, yadda na kusa ba zai ji ba. Wanda ya ji jiri ya dakata, in zai sake gwadawa ya rage ƙirgen zuwa 3 da 4. In an saba a kwance sai a gwada a zaune, sa'an nan a tsaye. Ɗabi'ar shekara 20 ba ta sauyawa a kwana biyu, amma sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu, mu kai shi aji. A bakin ƙofa, kafin mu shiga, mu sauke kafaɗu mu yi irin wannan numfashi sau uku, rabin minti ne kawai. In muna magana, mu girmama waƙafi da aya kamar yadda muke koya wa yara: a tsaya, a shaƙa, sa'an nan a ɗora. Mu daina gasa da hayaniya. Tafi uku da yara suka san amsarsa, ko ɗaga hannu a yi shiru har su lura, ko takawa zuwa tsakiyar aji, duk sun fi ihu daga gaban allo. Mu ajiye gorar ruwa a tebur muna kurɓa. A goge allo da tsumma mai laima, a yayyafa ruwa kafin shara, a sa takunkumi a hanya ranar da hazo ya yi kauri. Sa'ad da rai ya ɓaci, hannu na neman bulala, mu fitar da dogon numfashi ɗaya kafin mu furta komai. Sau da yawa kafin ya ƙare hukuncin ya sauya.

Na uku, mu koya wa yara. A ajinmu, in an dawo daga tara suna haki, mukan ce kowa ya ɗauki kofin kokonsa a zuci: a shaƙi ƙamshin ƙosai ta hanci, a hura koko a hankali don kada ya zube, sau biyar. Da farko dariya suke yi. Yanzu in mun manta su ke tuna mana, kuma mun ga darasin da ke biye ya fi shiga. Haka muke yi kafin jarrabawa.

Sai dai wajibi ne mu yi gargaɗi, don kada a fita daga nan da rabin magana. Ba kowane gajeren numfashi ne na damuwa ba, kuma ba mu ne masu yanke wannan hukunci ba. Kai malama asibiti da muka yi shi ne daidai, domin da zuciya ce, da fifita ba ta cece ta ba. A gaggauta zuwa asibiti idan numfashi ya sarƙe farat ɗaya, musamman ga mai ciki ko mai jego, ko ya zo da ciwon ƙirji mai sauka hannu ko muƙamuƙi tare da gumi. A ga likita idan 'yar tafiya kaɗan na sa haki, ko ba a iya kwanciya sai an tara matasan kai, ko ƙafafu na kumburi. Tari na mako biyu ko fiye, ballantana da zufar dare da rama, a je a gwada tarin fuka. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta ware. Dishewar murya da ta wuce mako uku ita ma a nuna ta. Mai asma kada ya ajiye abin shaƙarsa, mai hawan jini kada ya bar ƙwayarsa don ya koyi numfashi, kuma awon jinin da ke yawan kaiwa 140 bisa 90 yana bukatar likita. Kada kuma a kifa wa mai haki leda ko jakar takarda a baki kamar yadda wasu ke ba da shawara, domin in ciwon na zuciya ne ko na huhu, hakan na iya halaka shi.

Ga iyaye mata da maza: a ƙananan yara, saurin numfashi yana iya zama alamar nimoniya, wato sanyin haƙarƙari, wadda ke cikin manyan masu kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni mai sauƙi. A ɗaga rigar yaro sa'ad da yake natse ba ya kuka, a ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur da agogon waya. Jariri ɗan ƙasa da wata 2 in ya kai 60, ɗan wata 2 zuwa ƙasa da shekara 1 in ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, a kai shi asibiti a ranar. Haka nan in ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki lokacin da yake shaƙa. Wannan ba ya jiran gobe.

Mai girma shugaba, numfashi ba zai mai da aji mai 94 ya koma 35 ba, ba zai gyara daɓe ba, ba zai kawo albashi a kan kari ba. Waɗannan suna nan a teburin reshe, kuma duk wanda ya ce wa malami ya yi dogon numfashi ya manta da su bai yi masa adalci ba. Amma kafin su samu, da wannan jikin za mu jira. Saboda haka muna da roƙo biyu. A sayi na'urar auna jini daga asusun walwala, a riƙa auna kowa a bakin ƙofa duk ranar taro, a rubuta masa a ɗan kati. A kuma riƙa gayyato ma'aikacin lafiya sau ɗaya a zango, ya amsa tambayoyin 'yan uwa da na iyalansu.

Malamar da muka ba da labarinta tana cikin wannan ɗaki, ta kuma yarda a faɗa bisa sharaɗin ba za mu nuna ta ba. Ajinta bai ragu ba, an ma ƙara mata uku. Abin ya sake taso mata sau biyu, amma ta gane shi tun daga sagewar yatsa, ta zauna a bencin gaba tana ƙirga huɗu da shida har ya wuce, yaran ba su ma sani ba.

Kafin mu zauna, a mai da hannu kan cibiya, a sauke kafaɗu, mu yi sau shida tare, mu ne za mu ƙirga. Wanda ya koma gida ya gwada da iyalinsa yau da dare, mu ji labari a taron sabon zango.